Inuwar 'Yar Inna

Ƙanena direban bas ne tsakanin Birnin Kudu da Kano, kuma yana da wata cuta da ba a samo maganinta ba: ba ya iya wuce kayan lantarki na hannu bai taya ba. Gidanmu ya ga rediyo mai kama tasha ɗaya tak, ya ga fankar da sai an tura ta da kara take juyawa, ya ga injin markaɗe mai ƙarar jirgi da ƙarfin kaza. Saboda haka ranar da ya shigo da wani baƙin akwati a hammata, da wata 'yar sanda mai ido a tsakiya, ko ɗagowa ban yi ba daga takardun jarrabawar da nake dubawa. Ni malama ce, na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma tun rasuwar mijina nake zaune a wani sashe na gidan ƙanen nawa. Aikina a gidan, ban da cin tuwo da ba da shawarar da ba a nema ba, shi ne karanta duk abin da aka rubuta da boko a jikin kwali.

"Yaya, taso ki karanta mana wannan."

Wasan rawa ne na yara. Ana ɗora sandar mai ido a kan talabijin, a zaɓi waƙa. Sai wata halitta mai launi ta fito, wani lokaci agwagwa da hula, wani lokaci biri da tabarau, ta kama rawa, yaro kuma ya tsaya a gabanta yana kwaikwayo. Idon nan yana kallonsa. In ya ɗaga hannu daidai lokacin da agwagwa ta ɗaga, taurari su zubo masa. In ya makara, a hana shi. Na sha faɗa wa abokan aikina cewa ban taɓa ganin malamin da ya kai akwatin nan adalci ba. Bai san ɗan wane ba, ba ya jin roƙo, ba ya gajiya da maimaita darasi.

A gefen dama na fuskar talabijin ɗin akwai wani abu kuma. Duk wanda ya fi kowa maki a wata waƙa, akwatin yana riƙe siffar jikinsa, fara sol, babu fuska, babu launin tufa, sai zagayen jiki da motsinsa. In wani ya zo yin waƙar, sai siffar ta fito ta yi rawar tare da shi, don ya ga da wa yake tsere. Guda ɗaya yake riƙewa a kowace waƙa. Ranar da aka wuce ta, ta tafi, ta wanda ya wuce ta ta hau gurbinta.

A ƙarƙashin siffar an rubuta kalma ɗaya ta Turanci. Ƙanena ya ɗora yatsa a kai.

"Wannan fa?"

Ƙamus zai ce fatalwa. Mai son zurfafawa zai ce kurwa. Na dubi yaran da suka cika tabarma, namu da na maƙwabta, idanu a waje, na ce, "Inuwa." Haka sunan ya zauna a gidan. Mutanen da suka ƙera abin, wasa suke yi da kalmar, a wurinsu fatalwa wata 'yar aba ce da ake zana wa yara su yi dariya. Mu ba mu kai nan ba tukuna.

Matar ƙanena 'yar Basirka ce, can ƙasar Gwaram, daga gidan da har yanzu ake da shanu, ko da yake Fulatancin ya koma bakin tsofaffi, su ma sai in za su yi faɗa. Ina kiranta Amarya tun ranar da aka kawo ta, ban kuma ga dalilin dainawa ba don kawai ta haifi uku. Harshen ya tafi daga gidansu, amma kunyar tana nan daram. 'Yarta ta fari, da aka yaye ta, aka kai wa kakarta, wato mahaifiyar Amarya, wadda kowa ke kira Inna. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Sai dai na ga mata da yawa suna sa wannan kunyar kamar takalmin biki, in an shiga ɗaki a cire a huta. Amarya ba ta cirewa. In dole ta ambaci yarinyar, sai ta ce 'yar Inna. In za ta ba ta abinci, sai ta ajiye kwanon a ƙasa ta ce wa iska, "Ga shi nan, in akwai mai ci." Yarinyar kuma Adda take kiranta, kamar wata yayarta.

Na taɓa tsokanarta.

"Amarya, in aka ce ki zana fuskar yarinyar nan, za ki iya?"

"Yaya ke nan. Ni da ko fensir ban iya riƙewa ba."

"To faɗa mini da baki. Hancinta irin na wa ne?"

"Tuwona zai kama," ta ce, ta miƙe. Ko wuta ba ta hura ba a lokacin.

'Yar Inna takan zo mana in an yi hutun makaranta. A hutun da ya biyo bayan zuwan akwatin, kawunta ya kawo ta a babur, da ƙullin kayanta da gorar man shanu da Inna ta aiko. Ta ɗan haura goma a lokacin, siririya mai dogon wuya, tana ɗaura ɗankwali ta bar bakinsa a tsaye a gefe guda kamar kunnen zomo. Ta tarar da falo cike da yara suna tsalle a gaban biri. Ta raɓe a jikin bango tana kallo.

Wata 'yar maƙwabta, mai baki kamar reza, ta ce, "Ke 'yar ruga, kin taɓa ganin talabijin kuwa?"

"Muna da shi. Namu ma ya fi naku hankali, ba ya sa mutum tsalle kamar ya taka garwashi."

"To zo ki yi mu gani, in ba tsoro ba."

"Bari ku gama gajiya."

Ta bari suka gama gajiyar. Sannan ta gyara zani, ta ce a sa mata ta agwagwa. A unguwarmu yara sun daina gaɗa, waya ta cinye dandali, amma a Basirka ana yi har yanzu, kuma yarinyar da ta tashi a cikin tafi ba agwagwa ce za ta koya mata inda kiɗa yake sauka ba. Kafin hutun ya ƙare ta kafa makin da babu wanda ya ko kusanto shi. Har ƙari take yi. Akwai wurin da agwagwar ke tsayawa cak tana jiran kiɗa ya dawo, ita kuwa a nan take sako tafin gaɗa, ta karya kafaɗa gefe guda. Akwatin bai nemi wannan ba, bai kuma rage mata komai a kansa ba.

Ranar da ta kafa makin, Amarya tana tsakar gida tana wanke-wanke, ta ba wa ƙofa baya. Na leƙa na ce, "Amarya, taso ki ga ikon Allah."

"Ina jin ku daga nan, Yaya."

Ba ta juyo ba.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kama yarinyar a Basirka. Aka yi abin da ake yi. Aka kai ta asibiti, aka dawo da magani, ta ji sauƙi har ta nemi fura, sannan jikin ya juya. Kafin waya ta same mu, mu kama hanya, an riga an kai ta makwancinta. Ina tuna hanyar Gwaram ranar, dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu, duwatsu sun yi kore, ƙasa ta yi kyan da bai kamata ta yi ba. Amarya tana riƙe da jaririnta, tana kallon taga. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce wa ƙanena ya rage gudu akwai awaki.

A wurin zaman makoki Inna ake yi wa ta'aziyya, don ita ce mai 'ya. Amarya ita ke ɗebo ruwa, ita ke shimfiɗa tabarmi, ita ke kwashe kwanuka. Wata baƙuwa ta tare ta ta ce, "Baiwar Allah, ina uwar yarinyar?" Ta nuna mata da hannu, ta ce, "Ga Inna can." Ranar da za mu dawo, ta durƙusa a gaban mahaifiyarta ta ce, "Inna, Allah ya ba ki haƙuri." Na karanta littattafai masu mutuwa a ciki ba adadi, na koyar da wasu har na gaji da su, amma ban taɓa cin karo da jimlar da ta yi mini nauyin wannan ba.

Da muka dawo wani ya rufe akwatin da tsohon zani. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya buɗe. Aka yi girbi, aka koma makaranta. Wata Alhamis da rana, ranar da babu Islamiyya, ƙanwar marigayiyar, wadda ke bi mata, ta same ni ina gugar kaya.

"Gwaggo, a kunna mana agwagwa."

Na ga ba laifi. Yara ba za su yi ta makoki har abada ba. Na yaye zanin, na kakkaɓe ƙura, na jona akwatin da batirin sola. Wallahi ko kaɗan ban tuna da gefen dama ba.

Kafin kiɗa ya fara akwai ɗan jira, kuma ashe akwatin tun daga nan yake fara ɗauka. Sai ga ta. Dogon wuyan nan, kunnen ɗankwalin nan a tsaye. Ta sauya ƙafa, ta sosa gwiwar hannu, ta juya kai wajen ƙofa kamar mai duba ko wani yana kallo, sannan ta juyo. Babu ido, babu baki, amma da za a jera mini yaran Jigawa kaf a bayan labule, da wannan tsayuwar zan fitar da ita. Rimot yana kusa da hannuna, hannun ya ƙi zuwa.

Ƙanwar ta ce, "Lah, Yaya ce," da muryar wanda ya ga ɗan'uwa a kasuwa. Kiɗa ya tashi, ta bi.

Da na waiga, Amarya tana bakin ƙofa da tiren shinkafa a hannu. Ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Agwagwa ta tsaya cak, inuwar ta sako tafinta, ta karya kafaɗa. Tafin ba shi da ƙara, don akwatin ba ya riƙe sauti, hannuwa ne kawai suka haɗu suka rabu. Waƙa ta ƙare, inuwar ta ɓace. Amarya ta dubi tiren ta ce, "Shinkafar nan duk tsakuwa ce." Ta zauna a dokin ƙofa, wai nan ne da haske.

Ban taɓa cin shinkafa mai tsabta irin ta wannan shekarar ba. Duk Alhamis da Juma'a sai an samu tsakuwa a cikinta. Amarya takan zauna a karkace, kai a sunkuye, yatsu suna yawo a cikin tire, idanu kuwa suna can sama da tiren. Na daɗe ina juya abin a raina kafin na gane. Al'ada ta hana ta kallon 'yarta, ta kuma bi, ta bi har kabari. Amma waɗanda suka kafa al'adar ba su bar wata doka a kan inuwa ba, don ba su san za a yi zamanin da inuwa za ta kwana a gida mai ita yana ƙasa ba.

Matsalar ita ce inuwar ba ta fitowa haka kawai. Sai wani ya tsaya a gaban idon yana rawa. In ya kauce, komai ya tsaya, akwatin ya rubuta a dawo. Amarya kuwa ba za ta taɓa cewa a kunna ba. Abin da take cewa shi ne, "Yau ba ku da Islamiyya, ko?" Ƙanwar ta san fassarar, ba ta buƙatar ƙamusina.

Na yi dabarar 'yan boko. Na ɗauki fuskar talabijin ɗin da wayata tun daga sosa gwiwar hannu har ƙarshe. Ya fito da layi-layi, amma ana gane ta. Na sami Amarya ita kaɗai a madafa, na miƙa mata.

"Ga wani abu, ki ajiye a wurinki."

Ta dubi bayan wayar, ta ce, "Yaya, hannuna da ruwa."

Na jira ta goge. Ba ta goge ba, ta ƙara tsoma shi a cikin roba. Karɓar waya a danna a kalla, wannan kallo ne da gangan. A dokin ƙofa kuwa shinkafa take tsincewa, yara ne suke wasansu.

Ƙanena sau ɗaya ya ci karo da abin, ya fita da sauri kamar an kira shi a waje. Daga baya ya ce zai mayar da akwatin Kano ya sayar. Amarya ta ce, "Yara suna so." Bai sake tayar da maganar ba, kuma da yake mafi yawan ranakun yana kan hanya, bai sake gani ba.

Ita kuwa ƙanwar, rawa tana ta shiga jikinta. Tun tuni ta daina kallon agwagwa, yayarta take bi. Ta ɗauki tafin gaɗar, ita da ba ta taɓa zuwa dandali ba, ta ɗauki karya kafaɗar, ta koma ɗaura ɗankwali da kunne a tsaye. Tsawo ma ya zo mata, wuyanta ya miƙe. A saman talabijin ɗin akwai wani layi da yake cika yayin da ake samun maki, da 'yar alama a inda inuwar ta kai. Da can layin yarinyar ko rabi ba ya kaiwa. Yanzu yana zuwa dab da alamar.

A nan ne na lura da wani abu. Duk lokacin da waƙa ta kusa ƙarewa, sai wani abu ya same ta. Yau ta duƙa ta sosa ƙafa, gobe zani ya kwance, jibi tari ya sarƙe ta. Taurari su wuce, layin ya tsaya, inuwar ta ƙarasa ita kaɗai. Na shekara da shekaru ina kama masu satar amsa. Wannan ne karo na farko da na kama mai satar faɗuwa.

Na bari sai da nake mata kitso, kanta yana tsakanin gwiwoyina, ba ta da hanyar gudu.

"Ke, me yake cizon ki a ƙafa kullum a wuri ɗaya cikin waƙa?"

"Sauro ne, Gwaggo."

"Sauron nan ya iya kiɗa."

Na gama layi guda, sannan ta ce:

"In na wuce ta za ta tafi. Na wuce 'yar gidan can a ta biri, tata ta tafi, ba ta dawo ba."

"To ki daina yin ta agwagwa mana. Ga waƙoƙi nan birjik."

"In na daina, Umma ba za ta gan ta ba."

Na ci gaba da kitso. Can ta ƙara da cewa, "Gwaggo, ƙafata ce ba ta jin magana. Wani lokaci ita take so ta wuce."

Na bincike akwatin ciki da waje ko akwai inda ake kulle inuwa kada a goge ta. Babu. Na tambayi wani mai gyaran waya a bakin tasha, ya ce irin wannan tsohon yayi ne, abin da ke ciki a ciki yake mutuwa. Wato duk ranar da Amarya ta kalli 'yarta, ƙanwar ta ƙara ƙwarewa, kuma duk ƙwarewar da ta ƙara, kwanan inuwar ya ragu. Su biyun sun san haka. Ni ce ta ƙarshen ganewa.

Ana cikin haka Inna ta zo Birnin Kudu ganin likitan ido, ta sauka a wurinmu. Yanar ido ta fara rufe mata ido ɗaya, sai ta karkata kai take gane mutum. Aka yi rashin sa'a zuwanta ya faɗo Alhamis. Tana zaune a falo tana shan kunu, yara suka kunna. Kiɗa bai ma fara ba, inuwar tana cikin sosa gwiwar hannu, kofin ya tsaya a hanya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya sa ta a nan?"

Na ce, "Inna, inuwa ce kawai. Kamar hoto."

"Malama, inuwa tana tsayawa bayan mai ita ya kwanta? Wannan kurwa ce. Kun kama kurwar yarinya kun sa a kwali tana yi muku rawa."

Kalmar da na ɓoye tun ranar farko, ga ta ta fito daga bakin matar da ba ta taɓa buɗe ƙamus ba. Na yi bayani iyakar iyawata. Na ce ido ne na gilashi yake auna jiki, ya mayar da shi lissafi, ya ajiye. Na ce rai yana wurin Ubangijinsa, ba ya zama a cikin kayan da aka tayo a kasuwar Kano.

"Haka malamai suka ce, ban musa ba," in ji Inna. "Amma ni na raine ta, ni na rufe mata ido. Na san ta in na gan ta. A sake ta ta huta." Ta karkata kai wajen ƙofa, inda 'yarta take zaune da tire. "Ke, kina gani kika bari?"

"Wasan yara ne, Inna."

"Wasan yara. To ni ba zan zauna ina kallo ana sa matacce rawa ba."

Ta tashi da kyar, ta cire mayafinta ta lulluɓe talabijin ɗin, kiɗa yana ta yi a ƙarƙashi har sai da na kashe. Washegari ƙanena ya sa ta a motar Gwaram. Mayafin ta bar shi a nan, ta ari nawa ta tafi da shi.

Makonni suka wuce ba a kunna ba. Tsakuwa ta ƙare a shinkafa. Gidan ya yi wani irin shiru ranakun Alhamis, ƙanwar takan zauna a tsakar gida tana buga ƙafa a ƙasa ba ta sani ba, sai in ta ga ina kallonta ta daina.

Sai wata Alhamis Amarya ta ce, "Yau ba ku da Islamiyya, ko?"

Da kanta ta yaye mayafin, ta ninke, ta ajiye. Ba ta ɗauko tire ba. Ta shigo har cikin falo ta zauna a kujera, ta fuskanci talabijin, hannuwa a kan cinya babu komai a cikinsu. Ban taɓa ganin hannuwanta babu aiki ba sai ranar.

Yarinyar ta fara. Ta bi waƙar lafiya lau, layi yana cika, har aka zo kusa da ƙarshe. Ta duƙa ta kama ƙafa.

"Ƙafarki ciwo take?"

"A'a, Umma."

"To mene ne?"

"Sauro."

"Babu sauro da rana tsaka. Sake daga farko."

Yarinyar ta dube ni. Na dubi bango.

"Umma, in na ƙarasa fa, za ta..."

"Na sani. Ba makauniya ba ce ni. Sake, kuma kada ki tsaya."

Har yau ban san ko maganar Inna ce ta yi aiki a zuciyarta ba, ko kuwa gajiya ta yi da ganin yarinya mai rai tana karya ƙafarta da gangan. Ban tambaya ba, kuma da na tambaya da tuwo ne zai kama.

Aka sake. Inuwar ta fito, ta sauya ƙafa, ta juya kai wajen ƙofa. Babu kowa a ƙofar. Kiɗa ya tashi, su biyun suka ɗaga hannu tare, suka sauke tare, har ka rasa wa ke bin wani. Amarya tana kallo da dukan fuskarta, ko ƙiftawa ban ga ta yi ba. Agwagwa ta tsaya, aka yi tafin, ɗaya da ƙara ɗaya babu. Layi ya taɓa alamar, ya wuce. Akwatin, da yake ba shi da kunya, ya saki kakaki da shewa, taurari suka cika ko'ina.

Yarinyar ta tsaya tana haki, hannuwa a sake. Amarya ta ce, "Je ki sha ruwa." Ta ɗan ƙara zama kaɗan, sannan ta tashi ta shiga madafa. Na ji tana hura wuta.

Washegari Juma'a ƙanena bai fita da mota ba. Da ya dawo daga masallaci, yaran maƙwabta sun cika falo, 'yar bakin rezar nan ce a gaban ido, ta zaɓi ta agwagwa. Sabuwar inuwa ta fito. Dogon wuya, kunnen ɗankwali a tsaye, kafaɗa tana jiran inda za ta karye. Ni da aka yi komai a gabana, sai da na ɗauka ta marigayiyar ce.

Babu wanda ya gaya masa abin da ya faru jiya. Ya tsaya a bakin ƙofa da dardumarsa a kafaɗa, wannan karon bai gudu ba. Ya kalla har aka zo wurin tafin. Sannan ya ce a hankali, "Allah sarki, 'yar Inna. Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta."

Ƙanwar tana zaune a jikin bango, kusa da ƙafarsa. Ta ji ubanta yana yi wa inuwarta addu'ar matattu. Ta buɗe tafin hannunta tana dubawa, ta juya bayansa ta duba.

Na buɗe baki, amma muryar Amarya ta riga ni daga tsakar gida.

"Malam, ka daina. Wannan mai rai ce, ga ta nan zaune kusa da kai."

Ya dubi yarinyar, ya dubi talabijin, ya waiga.

"To ita waccan ɗin fa?"

"Tawa ta tafi tun jiya."